Rijiya a Kwance

Jiya da hantsi na yi wani mafarki, kuma ba a kan tabarmata na yi shi ba. A cikin injin asibiti na yi shi, ina kwance rigingine, kunnuwana a toshe, tsakanin hancina da rufin injin bai kai taƙi ɗaya ba.

Sunana Nomau. Shekara talatin da ɗaya na yi ina haƙar rijiya. A yankinmu in ka shiga gidan mutum aka ba ka ruwa mai sanyi, da wuya a ce babu hannuna a ciki. Na taɓa sauka gaba ashirin da biyu, inda in ka ɗaga kai bakin rijiyar bai fi faifai ba, kuma a can ƙasa na zauna na sha furata. Yau shekara goma sha ɗaya da na jingine dagi. Duk wanda ya tambaye ni dalili, sai in ce masa baya ne ya hana ni. Da na daɗe ina faɗa, bayan ya gaji da ƙazafin da ake yi masa, sai ya fara ciwon da gaske.

Bara ciwon ya gangaro ƙafar hagu. Ta fara da sagewa, ta koma ina jan ta, har ta kai silifas yana fita ban sani ba sai an biyo ni da shi. 'Yata Barira, wadda take koyarwa a firamare, ta ɗauke ni zuwa asibitin birni. Likita ya ƙwanƙwasa gwiwata da 'yar gudumar roba, gwiwar ba ta amsa masa ba. Ya ce yana zaton wani abu ne ya danne jijiya kusa da laka. Ni da na ƙare rayuwata ina kwaso laka daga ƙarƙashin ƙasa, ban san ina goye da tawa a baya ba. Ya ce shi ba ya sa wuƙa a bayan mutum da zato, sai an ɗauki wani hoto da suke kira MRI. In kuma aka ƙara wata biyu zuwa uku ana jan lokaci, ƙafar za ta tafi, ba dawowa.

Da aka shigar da ni ɗakin hoton na ga injin, nan take na gane shi. Rijiya ce sak, sai dai an kwantar da ita, an shafe ta da farin fenti, an sa mata sanyi. Barira ta gaya wa mai kula da injin, wata Sista Rifkatu, cewa kada ta damu da mahaifinta, aikinsa ke nan tun yana saurayi, wannan ɗan ramin wasa ne a wurinsa. Da alfahari ta faɗa.

Zuwan farko, gadon ya fara tafiya da ni, kaina ya shiga, rufin ya sauko mini a fuska. Na ce wa Sista fitsari ya matse ni. Aka fito da ni, na nufi bayi, na wuce bayin, na wuce ƙofar asibitin. A tasha Barira ta same ni, sanye da rigar marasa lafiya irin wadda ake ɗaurewa ta baya. Ta cire mayafinta ta yafa mini.

Zuwa na biyu na daure har minti biyu. Akwai wata 'yar ƙwallon roba da suke ba mutum ya matsa in ya ji ba daidai ba. Na matse ta har sai da aka ɓamɓare yatsuna daga jikinta ɗaya bayan ɗaya. Na ce musu tari ne ya taso mini. Sista Rifkatu ta ce ba komai, ta ga manyan sojoji ma suna irin wannan tarin.

Jiya ne na uku. Likita ya aiko da wata ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba, ya ce za ta kwantar mini da hankali. Na dubi ƙwayar, na dubi girman hankalin da ya tashi, na haɗiye ta don kada a ce na yi gardama. Sista ta yarda Barira ta shigo, bayan ta cire 'yan kunne da awarwaro da duk wani ƙarfe na jikinta, don injin mayen ƙarfe ne babba. Barira ta zauna a wajen ƙafafuna ta dafa idon sawuna. Aka ɗora mini ɗan ƙyalle a ido, aka ce minti talatin ne, in na motsa sai an sake daga farko. Injin ya fara aikinsa, da ƙara kamar an tara maƙeran gari a ɗaki ɗaya an ce wanda ya fi bugu shi za a naɗa sarki.

Gadon bai tsaya inda ya saba tsayawa ba. Ya ci gaba da tafiya da ni, ya wuce tsakiyar injin, ya fita ta ɗaya bakin, ya sauke ni a wani fili.

A ƙasar nan komai a kwance yake. Itatuwa a kwance suke tsirowa, mai son mangwaro tafiya kawai yake yi har ƙarshen reshe ya tsuguna ya tsinka. Turakun wutar lantarki duk a kwance, amma wutar ba ta ɗaukewa. Ina tsaye hadari ya haɗu a ƙarƙashin ƙafafuna, ruwa ya tsuge daga ƙasa ya nufi sama. Mutane suka kifar da lemarsu suka zauna a ciki suna jiran ya ɗauke. Ban yi mamaki ba. Na dai lura ruwan yana da ɗan gishiri, na ce a raina wanda ya haƙa sararin nan bai wuce marmara ba.

Sai ga ni a ƙofar gari. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune a bayan tebur, biro a maƙale a kunnensa. A bayansa akwai dogon bango, mutane a manne a jikinsa kamar ƙadangaru. Ga tela da alluransa, ga ɗan sanda da maɓallan kakinsa, ga wata hajiya da haƙorin Makka ya riƙe, tana ta yi wa bangon murmushi ba da son ranta ba. A can sama akwai wani ɗan tauri. Bunsurun ya ce shekararsa bakwai a nan, maganin ƙarfen da ya sha ne ya yi yawa, kuma har yanzu yana cewa shi ne ya riƙe bangon.

Bunsurun ya tambaye ni ko ina ɗauke da ƙarfe, na ce babu. Ya miƙe ya shinshina ƙirjina, ya daɗe yana shinshinawa. Ya ce akwai wani abu mai nauyi a ciki, amma ba ƙarfe ba ne, don haka ba hurumin ofishinsa ba ne. Ya rubuta mini takardar shiga, ya buga mata hatimi, ya cinye ta, ya ce an kammala. Sannan ya tambaye ni mu nawa ne. Na ce ni kaɗai ne.

"Yawwa, maganarku ta zo ɗaya," in ji shi. "Ita ma ta ce ba tare kuke ba."

Na duba ƙasa, ƙafata ta hagu ba ta nan. Babu jini, babu zafi, wandon kawai ke lilo. Na hango ta can cikin gari, sanye da silifas ɗina, tana tafiya da wani sauri da rabon da ta yi mini irinsa tun bara. Abin ya ɗan ɓata mini rai. Ashe tana iyawa.

Na bi ta da ɗangyashi. Ina tsalle tana nisa, ina ƙara tsalle tana ƙara nisa, har numfashina ya ƙare. Ba gajiya nake nufi ba, ƙarewa ya yi, na ja na ji babu komai, kamar an jefa guga a busasshiyar rijiya. Ƙirjina ya ɗaure, gumi ya keto mini, na san wannan abin, shi ne ya kai ni tasha da rigar asibiti.

A bakin hanya akwai wata tsohuwa da ƙatuwar ƙwarya a gabanta, tana ɗiban iska da ludayi tana ba masu wucewa. Ta dube ni ta ce ga alama baƙo ne ni. Ta bayyana mini cewa a garinsu mai gudu yana nan inda yake, wanda ya kwanta ya yi lamo shi ne inda za shi yake zuwa ya same shi. Ta ba ni ludayi ɗaya, ta ce in sha ta hanci a hankali ina ƙirga huɗu, sannan in dawo mata da ita ta baki a hankali, don ba ni kaɗai ne mai buƙata ba. Na nemi ƙari tun ban gama na farko ba. Ta ce haɗamar iska ita take shaƙe mutane, ba rashinta ba.

Muna cikin haka wata murya ta sauko daga sama, muryar mace, ta ce, "Baba, kana ƙoƙari. Kada ka motsa." Babu wanda ya ɗaga kai. Tsohuwar ta ce haka tsawarsu take.

Na kwanta a tsakiyar hanya na miƙe hannuwa. Gari ya fara wucewa ta gefena. Kasuwa ta wuce, mahauta suna zaune shanu suna yi musu ciniki. Makaranta ta wuce, allo yana bin yara yana roƙon su karanta shi. Ƙafata ta fara matsowa, har ina jin ƙarar silifas ɗin.

Sai ƙaiƙayi ya zo. Wani ɗan mutum ne da bai fi ƙuda ba, sanye da babbar riga mai aiki. Ya yi sallama, ya hau kan hancina, ya gyara zama, ya fara gaisuwa. Ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina, ya tambayi awakin da na sayar shekara huɗu da suka wuce. Hannuna na dama ya fara ɗagawa da kansa. A daidai lokacin wata kotu ta zo wucewa, alƙali zakara ne, ana shari'ar wani mutum da ya sosa gemunsa. Aka yanke masa hukuncin a sake shi daga farko. Ina kallo aka mayar da shi jariri, aka miƙa wa uwarsa, ita kuma ta ce wallahi ta gaji. Na mayar da hannuna. Na amsa wa baƙon gaisuwarsa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, alhamdulillahi, sai godiya. Da ya ga ba za a yi rigima ba, ya ce bari ya leƙa wajen kunne, ya tafi.

Garin ya tsaya. Na gane wurin, don ba garin mafarki ba ne, namu ne: bakin lungun gidan Cindo, ga dakalin da ake zaman hantsi. Ƙafata tana zaune a kan dakalin.

Cindo abokin aikina ne. Shekara goma sha tara muna shiga rami tare, ni da shi. Yatsa shida gare shi a hannun dama, kuma yakan ce shi ya sa igiya ba ta taɓa suɓuce masa ba.

Na ce wa ƙafar ta taso mu tafi gida, mutane suna kallo. Ta ce babu inda za ta. Ta yi magana cikin natsuwa, irin ta ma'aikacin da ya daɗe yana haƙuri. Ta ce daga gidana zuwa masallaci taku ɗari biyu ne in aka bi ta lungun nan. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ina zagayawa da ita ta bayan mayanka, cikin ƙaya da wari, sau biyar a rana, tafiya da dawowa. Ta ce ta yi magana da ƙafar dama, ita ta ce za ta ci gaba da haƙuri, amma ita kam ta kai ƙarshe.

"Kuma na san abin da kake riƙe da ni," in ji ta. "Ba ka taɓa faɗa ba, amma a kaina kake ɗora nauyin."

Ta sauka daga dakalin ta shiga lungun. A ƙarshen lungun, maimakon ƙofar gidan Cindo, bakin rijiya ne a kwance. Ba fara ba ce wannan, ja ce, da sawun dagina a jikinta. Ƙafar ta shige ba ko waiwaye.

Rijiyar wani gidan gona ce, ita ce ta ƙarshe da na haƙa. Mun kai gaba goma sha huɗu, mun wuce marmara mun shiga yashi. Cindo ya ce mu dakata a ɗaure bangon tukuna. Na ce ina jin ƙanshin ruwa, mu ƙara guga biyu. Wani dutse ya tare mu wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi, sai muka sauka mu biyu. Bangon ya rufta. Ƙasa ta kama ni har ƙirji, shi kuma har wuya, ga duhu, ina jin numfashinsa a kafaɗata. Bayan wani lokaci da ban san tsawonsa ba, mutanen sama suka samu kafa suka zuro igiya. Guda ɗaya ce. Na ɗaura ta a ƙuguna. Da aka fara ja na, na tokari bango da ƙafar hagu don in zare jikina, sai sauran yashin ya sauko. Kwana biyu aka yi kafin a fito da Cindo. Tun daga ranar ban ƙara kwana a ɗaki ba, a tsakar gida nake shimfiɗa, in an yi ruwa in koma bakin zaure. Na ce wa iyalina zafi nake ji.

Yanzu ga ni kwance a bakinta. Na so in tashi in gudu, amma na tuna a garin nan gudu ba ya kai mutum ko'ina. Na yi lamo, rijiyar ta taho ta haɗiye ni, kai ne farko.

Ciki akwai bugu, dum dum dum, kamar ana daka a kan rufi. Bangon yana wucewa dab da fuskata. Na wuce jar ƙasa, na wuce marmara, na shiga yashi. Can ƙurya na hango fitilar ƙwai a kunne. Cindo yana zaune a kan dutsen nan da muka kasa ɗagawa, yana ɓarar gyaɗa, ƙafata tana gefensa ya ajiye mata 'yan ƙwayoyi a gaba.

Ya ɗago ya dube ni ya ce na yi ƙiba. Na ce zama ne. Ya tambayi Barira, na ce ta zama malama, ya ce dama tun tana ƙarama ta iya gyara wa mutane magana. Bugun yana ta yi a sama.

Sannan na faɗa masa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma a nan maganar ta fito da sauƙi kamar ana karanta takarda. Na ce ni na ƙi a ɗaure bangon, ni na ɗauki igiyar, ni na tokari yashin.

Ya gama ɓare wadda ke hannunsa, ya hure ɓawon. Ya ce shi gaskiya bai ga komai ba, duhu ne. Da ya iso nan ya je ofis ya tambayi yadda aka yi, aka ce an rubuta komai dalla-dalla, amma bunsuru ya cinye.

"Abin da na sani ɗaya ne, Nomau," in ji shi. "Da ni igiyar ta fara taɓawa, da yanzu ni ne a cikin injin, kai kake ɓarar gyaɗa."

Na ce ba zai yi haka ba, na san halinsa. Ya ce ni dai na san halinsa a sama, halin ƙasa kuwa ko shi bai samu damar gani ba.

Ya ce in koke nake son ji, yana da guda biyu. Na farko, shekara goma sha ɗaya yana neman barci, ni kuma ina ta juyi a tsakar gida, ƙasa kuwa tana kai ƙara fiye da yadda na sama suke zato. Na biyu, rijiyar gidansa ta cika da laka. Matarsa Kande tana tafiya har bakin kasuwa ɗiban ruwa da tsufanta. Samarin unguwa suna son su yashe mata, amma babu wanda ya san yadda ake sauka, kuma gwani ɗaya da ya rage a garin ya fi son hanyar mayanka. Ya ce ba shiga ake so in yi ba, da wannan tumbin. In zauna a baki in nuna.

Yana cikin magana bangon ya fara matsowa. Ya taɓa kafaɗata ta dama, ya taɓa ta hagu, rufin ya sauko har ina jin sanyin yashi a goshina. Ƙirjina ya sake ɗaurewa. Na ce masa za ta rufta.

Ya ɗaga fitilar ya haska bangon, ya ce yana nan inda yake, ni ne nake kumbura. Ya tuna mini cewa duk rijiyar da muka haƙa da kafaɗata muke auna faɗinta, kuma ban taɓa haƙa wadda ba zan shige ba. Ya ce in yi yadda muke yi in an wuce gaba ashirin iska ta yi ƙaranci: guga yana sauka kana shaƙa, yana hawa kana saki, ba ka riga guga. Sai ga guga yana zuwa ta gefe, don rijiyar a kwance take, ya zo ya koma, ya zo ya koma. Cindo yana ƙirgawa da yatsunsa, kuma da yake shida ne, nasa lissafin kullum ya fi nawa tsawo. Muryar sama ta ce saura kaɗan. Ya ce wannan matar kullum haka take cewa.

A guga na tara ko na goma na ji bangon ya sake ni. Bai matsa ba, yana nan dab da hancina, amma ya zama bango kawai. Ƙafata ta gama cin gyaɗarta, ta zo ta kwanta a wurinta, ba ta dai manne ba. Ta ce za ta yi shawara, ya danganta da hanyar da za a riƙa bi.

Na ji wani abu riƙe da idon sawuna. Na ce wa Cindo an zuro igiya, wannan karon shi zai fara fita. Ya sunkuya ya haska.

"Ba igiya ba ce, hannu ne," in ji shi. "Yatsa biyar. Ba nawa ba ne."

Ya gyara zama, ya ce akwai wata magana guda da ya daɗe yana son ya gaya mini, wadda ta fi duk waɗannan muhimmanci. Na kasa kunne. Ya buɗe baki, sai ƙarar kujerar roba ta fito, ƙiiii, irin wadda ake ja a kan tayil.

Sista Rifkatu ce take jawo kujera za ta zauna. An cire mini ƙyallen ido, ina kwance a tsakiyar ɗaki, injin yana bayana ya yi shiru. Ta ce an gama tun minti goma da suka wuce, sun yi ta tashina na ƙi, sai suka ce bari su zauna su jira. Ta ce tun da ta fara aikin nan ba ta ɗauki hoto mai kyan nawa ba, ko gashin ido ban motsa ba, sai dai minshari.

Likita ya shigo ya duba allonsu ta bayan gilashi, ya kira mu ya nuna mana wani ɗan abu da ya bulluƙo tsakanin ƙasusuwa biyu ya danne jijiyar. Bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce ana cire irinsa, kuma mun zo a kan lokaci, ranar Talata ta sama za a yi aikin.

Barira ta durƙusa tana sa mini silifas a ƙafar hagu. Na ce mata in mun isa gida, a sauke mu a bakin lungun gidan Cindo, akwai wata magana da ban taɓa gaya mata ba. Ba ta ɗago ba. Ta ce Inna Kande ta daɗe da ba ta saƙo, cewa duk ranar da na gama zagayen in shigo in sha ruwa, ko da na kasuwa ne.

"Ke kin sani?" na ce.

"Baba, mutum ya yi shekara goma sha ɗaya yana bin bayan mayanka. Har mahautan sun sani."

Muka fito. A kan bencin jira akwai wani ƙaton mutum, wuyansa ya kai cinyata, an sa masa rigar nan mai ɗaurin baya ba ta rufe shi ba. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, ga sanyin na'ura yana kaɗawa. Barira ta tsaya ta gaya masa kada ya damu, ga mahaifinta nan, barci ma ya yi a ciki. Da alfahari ta faɗa. Mutumin ya kamo hannuna da hannu biyu, ya rage murya don kada matarsa ta ji.

"Baba, don Allah gaya mini gaskiya. Yaya cikin yake?"

Na yi tunani sosai, don ba na son in yi masa ƙarya.

"Wallahi ban sani ba, ɗana," na ce. "Ba na nan aka yi."